Turkiyyar Bayan Ƙyaure

Na rantse da wanda ya busa mini numfashi, ba za ku yarda da labarin nan ba. Ko ni da abin ya faɗa wa, da wani ne ya ba ni, cewa zan yi ya je a duba kansa. Amma ku gyara zama.

Duk Funtuwa babu wanda bai san Haladu Ba-Musu ba. Ni ne nan. 'Yan majalisarmu ne suka laƙa mini sunan, don in na buɗe baki ko lauya sai ya nemi ruwa. Ni da boko a aji biyu na sakandare muka yi hannun riga. Ba kasawa na yi ba, lura na yi malaman sun fara maimaita abin da na riga na sani. Na buɗe rumfar POS da cajin waya a bakin titi, na auri Barira, muna zaman lafiya.

Masifar daga Abuja ta zo, cikin aljihun Nafi'u ɗan ƙanwar babata, mai aiki a wani otal. Ya zo hutun salla, muna zaune a dakalin ƙofar gidana inda majalisa ke haɗuwa, sai ya ce wani Bature da matarsa sun sauka a wurinsu, su biyu da gajerun wanduna kamar 'yan ƙwallo. Wai shekara da shekaru suna yawon duniya, ba su taɓa biyan kuɗin jirgi ba.

Na ce, "A ƙarƙashin kujera suke ɓuya?"

Ya ce, "A'a, maki ne. Duk abin da suka saya da katin banki, sai banki ya rubuta musu maki. In makin ya taru, su karɓi tikitin jirgi da ɗakin otal, kyauta."

Kunnena ya miƙe kamar na zomo. Maki! Ni da tun ina makaranta ni da maki ba ma ga-maciji, ashe nawa rabon a banki yake jira na. Na tuna ni ma bankina ya taɓa turo mini saƙo cewa katina na tara maki. Da Turanci aka rubuta, kuma ni Turanci ina jin sa sarai muddin bai yi tsawo ba.

Washegari na shiga aiki. Duk wanda zai sayi wani abu a unguwarmu, sai in tare shi: ba ni kuɗin a hannu, ni in biya da katina. Na bi masu mota gidan mai. Na bi dangin amarya sayen gado da katifa. Na biya wa mutane siminti, na biya taki, na biya kuɗin makarantar 'ya'yan da ban san sunansu ba. Har asibiti na bi wani mai ciwon ƙaba, yana nishi ina tambayar inda ake sa kati. In na duba waya, sai in ga maki yana hawa, sifili na bin sifili kamar jerin gwano.

To, kun san ni. Abu ba ya kwana a cikina.

Na zo majalisa na harɗe ƙafa na ce, "Jama'a, ku fara kewata tun yanzu. Ni da Barira za mu Turkiyya. Daga can sai inda hali ya yi. Wataƙila damina biyu, wataƙila uku."

Mamuda Tela ya tuntsire da dariya. Mamuda shi ne abokin karawata a fagen baki, mutumin da in ka ce ka ga giwa zai ce shi ya yi mata ɗinkin salla. Ya ce, "Kai da ko Zariya sai an yi maka kwatance?"

Na zaro waya na dunguro masa a hanci. "Ƙirga sifilin nan, in ka iya."

Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya kau da kai. Wallahi daɗin da na ji a ranar ko ranar aurena ban ji shi ba.

Kafin rana ta faɗi labari ya gama gari. Barira ta sanar da ƙawayenta na Islamiyya, ta yi kitso, ta yi lalle har gwiwar hannu, ta bi gida-gida tana neman gafara kamar mai tafiya Makka. Ni kuwa sai na ji ana kira na "Alhajin Turkiyya", ina amsawa da hannu ɗaya.

Sai saƙo ya fara zuwa.

Hajiya Yalwa ce ta buɗe hanya, tsohuwar da gidanta ke kallon namu, wadda ɗanta Sadisu ke karatu a Istanbul. Ta zo da ƙunshin kilishi mai kaurin katifa. Ta ce, "Ɗan nan, hannu da hannu za ka ba shi. Yaron nan ya rame, ba sa cin komai a can sai ganye."

Na ce, "Inna, ki ɗauka yana bakinsa."

Ashe rabin Funtuwa na da ɗa a waje. Wannan ta kawo dambun nama, ɗanta na Sudan, wai in mun biya. Wancan ya kawo zuma da man shanu, ƙaninsa na jinya a Indiya. Wata ta kawo alkaki da dubulan na 'yarta da ke aure a Masar. Ƙuli-ƙuli, yaji, garin kwaki, tuwon madara, daddawa mai tashin matattu. Ban mayar da ko ɗaya ba. Kowa na ce masa ai a kan hanyarmu ne. Jakunkunan ganamasgo suka cika falo har ba wurin sa ƙafa.

Ana gobe tafiya na tuna ban je banki ba. Ku bar dariya. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ai jajibiri na je.

Na sa babbar riga, na zauna gaban wata 'yar budurwa mai tabarau, na ajiye katin ƙwas a tebur. Na ce, "Tikiti biyu, Turkiyya, kusa da taga."

Ta danna kwamfuta, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Malam, makinka ya kai ka zaɓi ɗaya. Ko kular abinci, ko lema."

Na ce, "Jirgin fa?"

"Wane jirgi?"

"Na sama mana."

Ta juya ta kira ta kusa da ita. "Zo ki ji." Ta ce da ni, "Don Allah sake faɗa."

Ban sake ba. Na ɗauki lema, don namiji ba ya fita daga banki hannu rabbana.

Da na isa gida na kulle ƙofa na gaya wa Barira. Ta ɗora hannu a ka, lallen nan ja wur.

"Na shiga uku! Maigida, har Saude da muka shekara ba ma magana na je na durƙusa mata! Ta yafe mini, ta ba ni turare! Da wane ido zan kalle ta a Islamiyya?"

Na ce, "Kwantar da hankalinki. Tafiya ba fashi."

"Da lema za mu tashi?"

"Wa ya san Turkiyya a unguwar nan? Abin da mutane suka sani shi ne ƙofa a kulle. In ƙofa na kulle, muna Turkiyya."

Ta kalle ni ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Amma ta tashi ta ci gaba da haɗa kaya.

Ranar Juma'a da hantsi unguwa ta rako mu tasha, don na ce daga Abuja jirginmu zai tashi. Na danna wa ƙofa kwaɗo a gaban kowa, na miƙa wa Baba Mai Unguwa Tukur makulli, kamar yadda matafiyi ke yi. Aka yi addu'a, mata suka yi kuka. Har Mamuda ya ba ni hannu, fuskarsa kamar ya sha maɗaci. Mota ta tashi. Muna fita gari na daki kafaɗar direba na ce ya tsaya, mun manta fasfo. Fasfon da ko hotonsa ban taɓa ɗauka ba.

Muka fake a gindin wata bishiya har aka shiga masallaci, unguwa ta yi wayam. Muka ɗauki keke mai ƙafa uku zuwa kangon da ke bayan gidanmu. Barira ta sa niƙabi, ni na rufe fuska da lemar banki. Akwai tsanin magina a kangon. Na dinga cilla ganamasgo ta kan katanga, tim! tim! Barira ta haura tana salati. Ni na haura, wandona ya ce ɓaaar!

Muka sauka a Turkiyya lafiya.

Jama'a, zaman ƙasar waje da wuya. Ba hura wuta, kada a ga hayaƙi. Ba kunna fitila, ba rediyo. Magana sai raɗa, kamar masu gulmar sarki. In atishawa ta zo, sai ka ruga ka danna fuska a matashi. Barira ta saba daka da waƙa, sai ga ta tana yawo a tsakar gida a kan yatsu kamar mage. Na so in fara ƙasaru, tunda matafiyi ne ni, ta ce in ji tsoron Allah, a kan gadona nake. Na cika sallata.

Abinci kuwa, to, ga amanar mutane jibge a falo tana ƙamshi. Mun yi haƙuri har cikinmu ya fara kiran ciroma. Na ce da Barira, "Mu fara da Sudan. Ko da gaske muka tafi, ba lallai mu biya ta can ba."

Muka cinye Sudan tas. Muka shiga Indiya, muka jiƙa garin kwaki da zuma da man shanu. Daga nan muka gangara Masar, alkaki da safe, dubulan da rana. Na ce, "Kin gani? Na ce zan zaga da ke duniya, ga shi muna yi." Ta jefe ni da ƙuli-ƙuli. Kilishin Hajiya Yalwa kaɗai muka bari, don ko ɓarawo yana da wanda yake jin kunya.

Kullum nakan shiga ƙuryar ɗaki in turo wa majalisa saƙon murya. In kunna 'yar fankar caji kusa da waya, in ce, "Kuna jin iskar teku? Sanyi kamar ya tsinke kunne!" Rannan ina cikin yi sai ladaninmu ya kira salla. Wani ya rubuto, "Ikon Allah, ladanin Turkiyya muryarsa sak ta Malam Buba, har da tarin." Na ce ai duk ladanan duniya makarantarsu ɗaya. Sadisu kuma ya dame ni da kira, yana tambayar unguwar da muka sauka ya zo ya karɓi kilishinsa. Na ce masa muna ɗaya gefen ruwan. Ya ce ya tsallako. Na ce ai mu ma yanzun nan muka tsallaka, mun yi saɓani.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne majalisa. Dakalin yana jikin ƙofata. Kullum bayan la'asar sai in ji an shimfiɗa tabarma, an fara hira, babu ni. Ni da ko zazzaɓi nake sai an ɗauko ni an jingina da bango in yi magana.

Sai na fara laɓaɓawa cikin soro, in manna kunne a ƙyauren ƙarfe.

Da farko daɗi na sha. Ana cewa, "Haladu shege ne, ya yi abin da ya faɗa." "Yaron nan da ya gama boko da yanzu minista ne." Ina bayan ƙyaure ina gyaɗa kai, kaina na kumbura kamar an sa yis.

Sai Mamuda ya gaje wurin zamana. Ina jin sa, daidai inda nake jingina.

Ya fara da kaɗan. Wai shi ya koya mini dabarar maki, a shagonsa, yana yi mini awo. Na ciji yatsa. Kashegari wai shi ma an ba shi tikitin ya ƙi, saboda ɗinkin mutane. Na ciji hula. Na koma ciki ina huci, Barira ta tare ni.

Ta raɗa, "Maigida, bar zuwa soron nan. Bakinka ne zai yanka mu."

"Ƙarya yake shararawa a kaina!"

"Kai kuma gaskiya kake shararawa a cikin ɗaki? In dole sai ka je, toshe bakin da wani abu."

Ta waiga. Duniya duk mun cinye ta, saura Turkiyya. Ta kwance ƙunshin Hajiya Yalwa, ta yago mini kilishi kamar faifai. Ta ce, "In ka ji magana ta taso, ka tauna."

Ranar majalisa ta cika maƙil, har da Baba Mai Unguwa. Na durƙusa bayan ƙyaure da kilishina. Sai na ji Mamuda ya gyara murya.

"Jama'a, akwai abin da na ɓoye muku don rufin asiri. Jiya Haladu ya kira ni."

Na gatsa kilishi.

"Yana kuka."

Na ƙara gatsa.

"Kuka wiwi, har da majina. Wai ya ɓata a babbar kasuwar Istanbul. Ya saki hannun Barira, ya rasa gabas ya rasa yamma. Ya je wurin ɗan sanda zai yi Turanci, Turancin ya ƙare a gudu-moni. Yana ta cewa, Yaya Mamuda ka cece ni, Yaya Mamuda kai ne gatana."

Yaya! Ni da na girme shi da kaka guda! Na cusa kilishi har kumatuna suka yi tulu, yaji na hawa mini ka, hawaye na zuba.

Wani ya ce, "To kai ya ka yi?"

"Na ce masa, yaro, share hawayenka. Me kake gani a gabanka? Ya ce mai sayar da darduma. Na ce bi hagunsa. Ta waya na fito da shi har ƙofar otal, ina taka keke ina ɗinki. Da ya isa ya ce in yafe masa duk rashin kunyar da ya yi mini. Kuma, kada ku gaya wa kowa, ya ce wandonsa ma sai da aka canja."

Majalisa ta fashe. Har na ji dariyar Baba Mai Unguwa, ƙi-ƙi-ƙi, mutumin da ko a biki ba ya murmushi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tofar da kilishi, na daki ƙyaure, ƙwaram!

"Ƙarya kake, Mamuda! Ƙarya kake, maƙaryacin banza! Ni ban taɓa ɓata a Istanbul ba! Na san garin nan kamar yunwar cikina!"



Sai gudu. Na ji takalma na watsewa, butar shayi ta kife, wani na a'uziyya da ƙarfi. Mamuda da ya fito da ni daga kasuwar Istanbul, shi ya fara kai wa bakin titi.

Muryar Baba Mai Unguwa kaɗai ta rage. A hankali ya ce, "Wane ne a ciki?"

Na toshe hanci, na sirantar da murya. "Baba, ta waya nake magana. Daga Turkiyya."

"To. Wa ya riƙe wayar?"

Yajin kilishi kuma ya zaɓi lokacin ya shaƙe ni, na kama tari kamar tsohon injin niƙa.

Na ji ƙarar makulli. Kwaɗo ya ce ƙyat. Ƙyaure ya buɗe, haske ya dalle mini ido. Ga ni tsaye da singileti da yagaggen wando, na yi ƙiba, kumatu na sheƙin man shanu, kilishi a hannu. Waɗanda suka gudu sun dawo, sun kawo wasu. Mata sun leƙo ta kan katanga.

Hajiya Yalwa ta ratso taron da sandarta. Ba ta kalli fuskata ba, hannuna ta kalla. Ta karɓi guntun, ta shinshina.

"Ɗan nan, wannan ba na Sadisu ba ne?"

Na ce, "Inna, ɗanɗanawa nake, kada ya lalace a hanya."

Kan ka ce kwabo masu saƙo sun cika tsakar gida. Aka zazzage ganamasgo, babu komai sai takardu masu maiƙo da daddawa, ita kaɗai ta tsira don ba a cin ta ɗanya. Mai dambun Sudan na salati, mai zumar Indiya na neman icce. Aka fito da Barira daga bayan labule, lulluɓe har ƙasa. Na ce a raina, ko ba komai mu biyu ne, kunyar za ta rabu.

Baba Mai Unguwa ya ce, "Ke kuma, 'yata, da hankalinki, yaya aka yi kika biye masa?"

Barira ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ta yi murya kamar ta amarya.

"Baba, ni ban taɓa fita Funtuwa ba. Maigidana ya tsallakar da ni katanga ya ce nan ce Turkiyya. Ni wace ce da zan ƙaryata mijina?"

Mata suka ɗauki "Allah sarki, baiwar Allah!" Saude ce ma ta fara rungume ta. Matar da ta cinye Masar ita kaɗai!

Baba Mai Unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce babu mai dukan kowa. Matafiyi ya dawo, kuma al'ada ba ta canja ba: a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, kowa ya zo ya yi masa barka da sauka, shi kuma ya sallami kowa da tsaraba. Wanda ya ba da saƙo shi zai shiga ya zaɓi tasa da hannunsa.

Aka zaunar da ni a dakali. Layi ya miƙe har bakin masallaci. Kowa sai ya durƙusa ya ce, "Alhaji, an dawo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen can?" Ni kuma dole in ce, "Lafiya lau, suna gaishe ku." Sai ya wuce ciki. Ina zaune fankata ta fito a kan wani. Talabijin ta bi ta. Agogon bango, dardumar falo, takalmin salla. Hajiya Yalwa ta sa aka turo mata babur ɗina, wai Sadisu zai hau in ya zo hutu.

Na ƙarshe a layi Mamuda ne, da tef a wuya. Ya durƙusa har ƙasa, ya kama hannuna biyu.

Na ce, "Kai ba ka ba da saƙo ba. Babu tsarabarka."

Ya ce, "Ni ba tsaraba na zo karɓa ba." Ya ɗaga murya yadda har na kan katanga za su ji. "Zuwa na yi in raka ka ɗaki, Alhaji. Daga nan zuwa tsakar gida da nisa, kada ka sake ɓata."